Bakancen Kakanni a Wuyan Jikoki: Tsokaci Kan Hawan Dawakin Kötzting

Gabatarwa

Bahaushe ya ce alkawari kaya ne. Wannan magana ba ta da ja, domin kowa ya san nauyin da mutum kan ji tun daga ranar da ya ce zai yi abu har zuwa ranar da ya sauke. Abin da karin maganar bai fayyace mana ba shi ne makomar kayan idan mai su ya faɗi a hanya. Shin a nan za a bar su, ko kuwa wajibi ne ɗansa ya sunkuya ya ɗauka? Idan ɗa ya ɗauka, jika fa? Tattaɓa-kunne fa? A wane zango ne za a ce kaya sun isa masauki?

Wannan tambaya ta daɗe tana ci wa masana falsafa tuwo a ƙwarya, kuma ta shafi kowane mahaluki da aka haifa ya tarar da wata al'ada tana jiran sa. Domin kada mu yi ta shawagi a sararin tunani, za mu ɗaure ta a turke guda, wato wani hawan dawaki da mabiya ɗarikar Katolika ke yi kowace shekara a wani ɗan ƙaramin gari na ƙasar Jamus. Dalilin zaɓen wannan hawa shi ne, masu yin sa da bakinsu suke cewa bakance suke cikawa, wanda wasu samari suka yi fiye da shekara 600 da suka wuce.

Hawan da Asalinsa

Garin Kötzting, wanda tun 2005 ake kira Bad Kötzting, yana cikin gundumar Cham ta jihar Bavariya, a kudu maso gabashin Jamus, kusa da iyakar Jamhuriyar Cek. Mazaunansa ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba, kuma tsaunuka da dazuzzuka ne suka yi masa ƙawanya. A ranar Litinin da ke bin idin Fentikos, wato idin da Kirista ke yi kwana 50 bayan Ista, da misalin ƙarfe 8 na safe, mahaya tsakanin 800 zuwa 900 kan fito daga tsakiyar garin su nufi ƙauyen Steinbühl, tafiyar kilomita 7. Mai ɗauke da gicciye ne kan ja gaba, sannan masu fitilu da masu busa, sannan fada, wato limamin coci, shi ma bisa doki, yana ɗauke da gurasar jibi mai tsarki wadda 'yan Katolika suka yi imani jikin Almasihu ce. Sauran mahaya na biye cikin tufafin gargajiya, dawakinsu sun sha ado da furanni da kitso, suna tafe suna addu'a. A wurare 4 kan hanya akan tsaya a karanta Linjila a sa wa gonaki albarka. Idan an isa cocin Nikolas da ke Steinbühl sai a yi sujada, a huta, a juyo. Bayan an dawo, fadan kan miƙa wani ɗan kambi ga saurayi guda da aka zaɓa saboda kyawun hali, wanda ake kira angon Fentikos, daga nan kuma a shiga shagali.

Mai karatu da ya saba ganin hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zariya zai iya kwatanta ƙurar da ƙarar kofatai a zuciyarsa. Sai dai a hawan Kötzting ba sarki, ba jafi, ba sukuwa. Tafiya ce a natse, irin ta masu rakiya.

Rakiya kuwa ita ce asalin abin. Labarin da mutanen garin suka gada ya ce a shekarar 1412 wani mutum ya kwanta ciwon ajali a Steinbühl, ya aika a kirawo masa fada domin ya yi masa addu'o'in ƙarshe. Hanya ta bi ta daji, dajin kuwa na 'yan fashi ne, fada ya ga ba zai iya tafiya shi kaɗai ba. Sai samarin gari suka ɗaura wa dawakinsu sirdi suka sa shi a tsakiya. Da suka je suka dawo lafiya, sai suka yi bakancen maimaita wannan tafiya kowace shekara. Labari ne na baka, kuma ɗaliban adabi sun san aikin irin wannan labari: al'umma kan riƙe shi ne domin ta gaya wa kanta irin mutanen da take so ta zama.

To, samarin 1412 sun daɗe da zama ƙasa. Me ya ɗaure saurayin yau, wanda aka haifa a zamanin mota da wayar hannu, ga maganar da suka furta?

Hujjar Masu Cewa Babu Bashi

Hujja ta farko ita ce ta yarda. Alkawari aiki ne na nufi. Mutum ne da kansa, da hankalinsa, yake ɗaure kansa. Wanda ba a haifa ba bai ji ba, bai gani ba, balle a tambaye shi. Idan aka ce maganar wani ta ɗaure shi, to an mai da shi dukiyar wanda ya yi maganar ke nan. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, in ji masu iya magana.

Wannan ra'ayi yana da manyan magoya baya. A wasiƙar da Thomas Jefferson ya rubuta wa James Madison daga Faris a ranar 6 ga Satumba, 1789, ya nuna cewa duniya ta masu rai ce, matattu ba su da iko a kanta. Har lissafi ya yi, ya ce bai kamata wata doka ko wani bashin ƙasa ya wuce shekara 19 ba tare da an sabunta shi ba, domin a cikin wannan tsawon lokaci ne rabin balagaggun da suka amince da shi kan shuɗe. Thomas Paine ma a 1791 ya siffanta ƙoƙarin mulkar mutane daga cikin kabari da cewa shi ne mafi girman kai a cikin nau'o'in zalunci.

Abin mamaki shi ne, ita kanta cocin Katolika tana tare da su a wannan gaɓa. A kundin dokokinta na 1983, doka ta 1193 ta bayyana cewa bakance, a bisa asalinsa, ba ya hawa kan kowa sai wanda ya yi shi. Doka ta 1194 kuma ta lissafa abubuwan da kan sauke bakance, daga ciki har da gushewar dalilin da ya sa aka yi shi. Idan muka auna hawan Kötzting da wannan ma'auni, sai mu ga ya kuɓuta ta fuska biyu. Waɗanda suka yi bakancen sun mutu. 'Yan fashin dajin ma sun ƙare, kuma fadan yau da mota zai isa Steinbühl kafin a gama ɗaura wa doki sirdi.

Akwai kuma hujjar tsoro, wadda ta fi sauran ƙarfi. A cikin Littafin Mahukunta, sura ta 11, an kawo labarin Yefta, wanda ya yi bakancen cewa idan ya ci yaƙi zai miƙa hadaya da duk abin da ya fara fitowa daga gidansa ya tarye shi. Ya ci yaƙin, 'yarsa tilo ce ta fito. Bakin uba ne ya furta, ran 'ya ne ya biya. Duk wanda zai ce bakancen magabata na bin zuriya, lallai ne ya tsaya a gaban wannan yarinya ya yi bayani. Da irin wannan hujja ta "haka kakanninmu suka yi alkawari" ake gadon gaba tsakanin dangi, da ita ake ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta so saboda maganar da iyaye suka yi tun tana zanen goyo.

Hujjar Masu Cewa Akwai Bashi

A ɗaya ɓangaren kuwa akwai Edmund Burke, wanda a littafinsa na 1790 kan juyin juya halin Faransa ya bayyana al'umma a matsayin tarayya tsakanin masu rai da waɗanda suka mutu da waɗanda za a haifa. A ganinsa, aikin gina al'umma ya fi ƙarfin rayuwar tsara guda, saboda haka dole wasu su fara, wasu su ɗora, wasu su ci moriya. Mutum ba ya faɗowa daga sama. Ya tarar da harshe, da rijiya, da hanya, da sunan gida, bai biya ko anini ba. Wanda ya karɓi gado ya ce ba ruwansa da bashin mamaci, ai ya ci ladan kuturu ne ya ƙi yi masa aski.

Bugu da ƙari, ana iya cewa ba samari ne a ɗaiɗaikunsu suka yi bakancen ba, gari ne ya yi, gari kuwa bai mutu ba. Muna karɓar irin wannan tunani a wasu fagage ba tare da gardama ba. Ƙasa kan biya bashin da gwamnatin da ta shuɗe ta ciwo, tana kuma mutunta yarjejeniyar da waɗanda suka sa mata hannu suka daɗe a kabari. Da za a ce kowane alkawari na mutuwa da mai shi, da ba wanda zai ba wata hukuma rance, da ba wanda zai bar wasiyya.

Wannan hujja tana da kyau, amma ba ta kai inda masu ita suke so ta kai ba. Bashin ƙasa yana da mai bin sa, wanda zai cutu idan ba a biya ba. A hawan Kötzting wa zai cutu idan dawaki suka kwana a barga? Sannan batun cin moriya, David Hume ya riga ya amsa shi tun 1748 da misalin mutumin da aka ɗauka yana barci aka sa shi cikin jirgin ruwa: zamansa a jirgin ba ya nuna ya amince da mulkin mai jirgi, tunda in ya fita teku ne zai haɗiye shi. Haihuwa a gari ba sa hannu ba ce. Gado na haifar da godiya, wannan gaskiya ne, amma godiya na da hanyoyi da yawa, ba lallai sai a kan sirdi ba.

Abin da Ake Gada

Ga alama dai masu cewa babu bashi sun fi ƙarfin hujja. To amma idan haka ne, me ya sa ɗaruruwan mutane ke tashi tun asuba, su wanke doki, su yi masa ado, wasu ma su yi hayar dokin da kuɗinsu? Ba dokar ƙasa da ta tilasta su, dokar coci ma ta sallame su. Ko dai duk sun ruɗe ne, ko kuwa akwai abin da tambayarmu ta tsallake.

A namu ganin, abin da jika ke gada shi ne damar yin bakancen da kansa, a cikin siffar da aka riga aka tanada. Magabata sun share hanya, sun sa rana, sun bar labari. Saurayin da ya sa ƙafa a likkafa ranar Litinin ɗin Fentikos, a wannan lokacin ne bakancen ya hau kansa, domin shi ne ya ɗauka. Saboda haka abin da ake gani a Kötzting bakance ne da ake sabuntawa shekara bayan shekara, kowace tsara da bakinta. Wannan fahimta ta ba Jefferson haƙƙinsa, tunda ba wanda aka ɗaure ba da yardarsa ba. Ta kuma ba Burke nasa, tunda mutum ɗaya ba zai iya ƙirƙiro wa kansa al'adar shekara 600 ba, sai dai a miƙo masa.

Daɗin daɗawa, sauyin zamani ya ƙara fito da wannan a fili. A da, doki shi ne abin hawa kuma shi ne abin noma, manoma da dama na da shi, hawansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a shekarun 1950 da 1960, tarakta ta kori doki daga gonakin Jamus. Daga nan wanda ya ci gaba da kiwon doki domin wannan hawa, zaɓi ya yi, zaɓi mai tsada kuwa. Ashe ke nan gushewar larura ba ta rage wa bakancen daraja ba, domin abin da mutum ya yi alhali yana da ikon bari ya fi nuna abin da ke zuciyarsa.

A nan ne kuma bambancin wannan bakance da na Yefta ya bayyana. Bakancen Yefta ya ɗora kuɗinsa a kan wadda ba ta furta ba, bai kuma bar mata ƙofar fita ba. Bakancen Kötzting gayyata ce, mai amsawa shi ke biya. Wannan ya ba mu ma'auni na farko na gane alkawarin magabata da ya cancanci riƙo: a duba wa ke ɗaukar nauyinsa, a kuma duba ko yana da ikon cewa a'a.

Doki ko Rakiya?

Ma'auni na biyu ya shafi abin da aka yi alkawarinsa. Idan muka koma ga labarin 1412, jigonsa shi ne wani mutum na gargarar mutuwa a ƙauye, hanya ba lafiya, wasu suka sa rayukansu a haɗari domin kada ya cika shi kaɗai. Doki abin hawa ne kawai a cikin labarin. Saboda haka mahayin da ya yi shekara 40 yana hawa, amma tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi ta yi wata guda a kwance bai leƙa ta ba, ya riƙe kube ne ya yar da wuƙa.

Wannan haɗari na gaske ne. Hawan na jawo dubban 'yan kallo, ana kafa rumfunan shagali da na giya, masu masauki na ciniki, kuma a 2015 an sa shi cikin jerin al'adun gado na jihar Bavariya. Duk inda aka tara ido, riya kan samu wurin zama. Mai doki na iya fita domin a ga dokinsa.

Duk da haka ba za mu bi masu cewa a watsar da adon a riƙe ma'ana tsagwaronta ba. Ɗan Adam mai mantuwa ne, kuma ma'anar da ba ta da jiki ba ta daɗewa. Da samarin nan sun ce kawai "mu riƙa taimakon marasa lafiya", da maganar ta bi iska kafin jikokinsu su girma. Dokin da aka yi wa kitso ne ke sa yaro ya tambayi mahaifinsa dalili, tambayar kuwa ita ke jawo labarin. Aikin biki shi ne ya hana labari mutuwa, aikin labari kuma shi ne ya hana mutane sakewa. Abin da ya kamata a riƙa dubawa shi ne ko har yanzu igiyar da ta haɗa su ba ta tsinke ba. A 2020, lokacin annobar korona, an ga ɗan misali a garin Weingarten, inda ake yin wani hawan mai kama da wannan wanda ya fi shi yawan mahaya: ba a tara jama'a ba, amma fada da 'yan rakiya ƙalilan sun hau sun zaga. Ranar da ba mai kallo ita ke nuna ko don kallo ake yi.

Wa ke da Ikon Sauyawa?

Idan kowace tsara ce ke sabunta bakancen, to tana da bakin magana a kan siffarsa. Tarihi ma ya nuna cewa siffar ba ta taɓa tsayawa wuri guda ba. A 1869 hukumar coci a Regensburg ta hana ɗaukar gurasa mai tsarki a hawan Kötzting, aka yi shekara 135 ana hawa ba tare da ita ba, sai a 2004 Bishop Gerhard Ludwig Müller ya maido da ita. A Weingarten, inda rubutattun bayanai suka ambaci hawan tun 1529, sufayen da suka saba jagorantar sa sun bar gidan ibadarsu a 2010, limamin cocin gari ya karɓa. A can ne kuma a 2022 aka ga mata cikin ayarin mahaya, bayan ƙarnoni ana ɗaukar hawan a matsayin na maza.

Batun mata shi ne ya fi zafi, domin hawan Kötzting an san shi da zama na maza zalla. Masu kare wannan tsari na cewa samari ne suka yi bakancen, kuma al'adar da aka fara yi wa gyara bisa son kowane zamani ba a san inda za ta tsaya ba. Wannan tsoro ba na banza ba ne, domin abin da ya ba al'ada kwarjini shi ne ba ta bin iskar kowace shekara. Sai dai idan muka ɗauko ma'auninmu na biyu, tambayar ita ce: kasancewar masu rakiya maza, jigon alkawarin ne ko kuwa yanayin shekarar 1412 ne, kamar yadda doki da daji suke? Idan jigon shi ne tsayawa tare da wanda mutuwa ta zo wa, to a kowace al'umma da muka sani mata ne suka fi kowa zama a gefen shimfiɗar majiyyaci. Hukunci dai na mutanen garin ne, su da ke ɗauke da kayan. Abin da ba za su iya yi ba shi ne su fake da matattu, su ce ba su da zaɓi. Tunda su ne ke sabunta bakancen, su ne kuma ke da alhakin duk abin da ke cikinsa.

Kammalawa

Mun taso da tambayar ko alkawarin kaka bashi ne a kan jika. Abin da nazarin ya kai mu gare shi shi ne, ba bashi ba ne irin wanda za a kai mutum gaban alƙali a kansa, kuma duk wanda ya yi amfani da shi ya danne wani, ya bi sawun Yefta. Amana ce da aka ajiye a bakin hanya. Jika na da ikon ya wuce ta, ba za a kira shi maƙaryaci ba. Sai dai ya kamata ya san cewa irin wannan amana ba ta jure tsara biyu a yashe. Idan ya wuce ta, ya yanke hukunci ne har a madadin nasa jikan, wanda ba zai tarar da komai ba balle ya zaɓa. Nan ne nauyin yake, kuma ya fi kallon gaba fiye da baya.

Kowannenmu na da irin wannan ajiya: harshen da aka yi masa magana da shi a zanen goyo, zumuncin da iyaye suka ƙulla, sana'ar gida, ko wata al'ada da ya tarar. Kafin ya ɗauka ko ya ajiye, ya kyautu ya tambayi kansa abu biyu: wa zai biya idan na riƙe, kuma mene ne magabata suke ƙoƙarin karewa da suka fara? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya, ko ya hau doki ko ya tafi a ƙasa, bai ci amanar waɗanda suka riga shi ba.